Yadda Za Ka Gane Ko Motar Lantarki Za Ta Iya da Doguwar Tafiyarka

Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, kuma yana da wurin jona mota a gida, ba shi da wata doguwar shawara a kan motar lantarki. Ya jona ta da dare, ya wayi gari batir a cike, shi ke nan. Mai tambaya ta gaske shi ne direban da yake cin kilomita 500 ko 800 a yini ɗaya, kuma ba sau ɗaya a shekara ba. Shi wannan idan ya tambayi dillali za a ce masa motar za ta kai shi ko'ina, idan ya tambayi wanda ya tsani motar za a ce masa zai kwana a hanya. Dukkansu babu wanda ya san hanyar da yake bi. Amsar tana cikin lissafin da za ka iya yi da biro da takarda a zama ɗaya, kafin ka fitar da ko sisi.

Mataki na farko: rubuta tafiyoyinka yadda suke

Ka ɗauki tafiye-tafiyen da ka yi a shekarar da ta wuce, ka ware waɗanda suka haura kilomita 300. A kan kowace ka rubuta nisanta, gudun da ka saba yi a babbar hanya, sau nawa kake tsayawa da tsawon tsayuwar, da kuma inda motar take kwana idan ka isa. Ka faɗa wa kanka gaskiya a wajen gudu. Mutane da yawa za su ce 100 suke yi, alhali allurar ba ta sauka daga 130 sai an zo shingen bincike.

Ka ƙara abu biyu: kana jan tirela ko ɗora kaya a saman mota? Sannan hanya ɗaya kake maimaitawa, ko kowane mako sabuwar hanya? Wanda yake maimaita hanya ɗaya ya fi sauƙin yanke hukunci, domin tashoshin caji uku ko huɗu kawai zai bincika.

Mataki na biyu: ajiye lambar talla, ka lissafa taka

Kowace motar lantarki tana zuwa da lambar nisan da aka ce za ta yi da caji ɗaya. Kafin ka yarda da ita, ka duba da wane ma'auni aka samo ta. A Turai ana amfani da WLTP, a Amurka EPA, a China kuma CLTC. Gwajin WLTP ana yin sa ne a yanayi mai daɗi na digiri 23, kuma matsakaicin gudun da ke cikinsa bai kai kilomita 47 a awa ba. Na CLTC ya fi shi sassauci, matsakaicin gudunsa wajen 29 ne, shi ya sa lambarsa take fitowa da girma. Na EPA shi ya fi kusa da abin da za ka gani a titi, amma shi ma haɗakar tuƙin gari ne da na babbar hanya. Mota ɗaya tak za ka iya ganin an rubuta mata lambobi uku mabambanta, gwargwadon ƙasar da aka sayar da ita.

Abin da ke rikita wanda ya saba da motar fetur shi ne a nan al'amarin a juye yake. Motar fetur ta fi shan mai a cunkoson gari, ta fi tattali a buɗaɗɗiyar hanya. Motar lantarki kuwa a gari take tattali, domin duk sanda ka ɗaga ƙafa ko ka taka burki injinta yana mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir. A babbar hanya babu taka burki, sai faɗa da iska. Kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take: idan ka tashi daga 100 zuwa 120, turjiyar ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, idan ka kai 130, ta ƙaru da kusan kashi 70. Ba duk wutar motar ke tafiya a faɗa da iska ba, amma a irin wannan gudu shi ne kaso mafi girma.

To ga lissafin. Kana buƙatar lamba biyu. Ta farko girman batir, wanda ake aunawa da kilowat-awa, ana rubuta shi kWh. Ka nemi adadin da direba zai iya amfani da shi, ba jimillar da aka rubuta a talla ba, domin kamfanoni suna kulle wani ɗan kaso don kare batirin. Ta biyu, nawa motar take sha a kowane kilomita 100 a gudun babbar hanya. Ƙaramar mota mai santsin jiki za ta iya tsayawa wajen kWh 16 zuwa 18, babba mai tsayi da faɗin gaba takan haura 22 zuwa 25. Wannan lambar ka samo ta daga gwajin da masu motar suka yi a titi, ko daga allon motar kanta idan ka samu damar tuƙa ta.

Mu ɗauki misali: batir mai kWh 75, motar tana shan 20 a kilomita 100. Ka raba 75 da 20, ka ninka da 100, ka samu kilomita 375. Wannan daga cike ne har zuwa babu komai, kuma babu mai hankalin da zai bari ta kai babu komai. Idan ka bar kashi 10 a ajiye, zangonka na farko daga gida kilomita 337 ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Zango na biyu da na uku sun fi na farko gajarta, kuma dalilin yana cikin mataki na gaba.

Mataki na uku: fahimci yadda caji yake tafiya

Caji iri biyu ne. Akwai na hankali, irin na gida ko otal ko wurin aiki, mai ƙarfin kilowat 7 zuwa 11, wani lokaci 22. Da kilowat 11 batirin misalinmu zai cika cikin awa bakwai ko ɗan sama da haka, wato aikin dare ne. Soket na bango da ake jona firji kuwa kilowat 2 zuwa 3 yake bayarwa, sai motar ta yi fiye da yini guda a jone. Sai kuma caji mai sauri na bakin hanya, wanda ke farawa daga kilowat 50 har zuwa 150, 250 da 350. Shi ne abincin mai doguwar tafiya.

Lambar da aka rubuta a jikin na'urar cajin iyakarta ce kawai. Motar ce ke yanke nawa za ta karɓa, kuma ba ta karɓa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan batir yana ƙasa, a kashi 10 ko 20, yana zuƙar wuta da ƙarfi. Yana haura rabi sai saurin ya fara raguwa, idan ya wuce kashi 80 sai ya koma tafiyar hawainiya. Kamar cika kwalba ne a bakin famfo: da farko ka buɗe shi duka, idan ruwa ya kusa wuya dole ka rage. A motoci da dama, lokacin da za ka ɓata daga 80 zuwa 100 ya kusa kai wanda ka ɓata daga 10 zuwa 80. Shi ya sa gogaggun direbobi ba sa jiran ta cika a hanya. Su cire filogi a 80, ko ma ƙasa da haka, su kama gabansu.

Ma'anar wannan ita ce a tsakiyar tafiya kashi 70 na batirinka kawai kake aiki da shi. A misalinmu kWh 52 da rabi ke nan, wajen kilomita 260. Yanzu ka auna tafiyar kilomita 800: ka tashi da batir cike, ka tsaya a 337, ka sake tsayawa kusa da 600, sannan ka ƙarasa sauran 200. Tsayuwa biyu. Idan motar tana yin 10 zuwa 80 cikin minti 30, ka ƙara kusan awa guda a tafiyar.

Awa gudan nan asara ce ko ba asara ba? Ya danganta da abin da ka rubuta a mataki na farko. Idan dama kana tsayawa cin abinci da miƙe ƙafa, cajin zai shige cikin hutun da kake yi. Dokar hanya ta Ingila tana ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu, kuma a Tarayyar Turai an wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Wanda ke bin irin wannan tsari kusan ba zai ji bambanci ba. Amma idan ku biyu ne kuke karɓa-karɓa a sitiyari, ba kwa tsayawa sai shan mai na minti biyar, to awa gudan nan za ka ji ta a jikinka, kuma babu wani bayani da zai goge ta.

Saboda haka lambar da ya kamata mai doguwar tafiya ya fi nema ita ce minti nawa motar take ɗauka daga 10 zuwa 80. Ni a ganina ta fi girman batir muhimmanci. Motocin da aka gina a kan tsarin bolt 800, wato masu batir mai ƙarfin matsin wuta sosai, irin Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6, suna yin wannan cikin kusan minti 18 idan sun samu caja mai kilowat 350 kuma batirin yana da ɗumin da ya dace. Wasu masu arha sukan ɗauki minti 40 ko fiye. A tafiya mai tsayuwa uku, wannan bambancin ya haura awa guda.

Ka kuma tambayi yadda ake sanyaya batirin. Wanda ake sanyayawa da ruwa yana jure caji mai sauri sau da yawa a yini. Nissan Leaf, wadda ta fito tun 2010 kuma ta cika kasuwar motocin hannu, tsofaffin samfuranta ba su da wannan tsarin. Masu samfurin 2018 sun yi ta ƙorafin cewa a doguwar tafiya caji na biyu da na uku yana raguwa sosai saboda batirin ya ɗauki zafi. Mota ce mai kyau a gari, amma ba ita zan nuna wa mai cin dogon zango ba.

Mataki na huɗu: bi hanyarka a taswira, tasha bayan tasha

Duk lissafin da ya gabata banza ne idan babu caja a inda kake buƙatarta. Ka buɗe manhaja irin A Better Routeplanner, ka saka samfurin motar da hanyarka, za ta nuna maka inda za ka tsaya da tsawon kowace tsayuwa. Sannan ka buɗe PlugShare ka karanta abin da direbobi suka rubuta kwanan nan a kan kowace tasha. A nan ne za ka ga wadda take a taswira amma ta yi wata biyu a lalace.

A kowace tasha ka duba abu huɗu: ƙarfinta, yawan bakunan cajinta, yadda ake biya, da nisan tasha ta gaba idan wannan ta ƙi aiki. Wurin da ke da baki ɗaya tak kada ka ɗora tafiyarka a kansa. Ka iso da kashi 10, ka tarar da wani ya riga ka, ko allon na'urar a mace, sai ido ya raina fata. Wurin da ke da baki takwas ko goma sha biyu, ko biyu sun lalace za ka samu naka. Ƙa'idar da zan ba ka ita ce kada ka isa wata tasha da cajin da ba zai kai ka wata ba.

Sai batun bakin filogi, wanda ya fi cin masu sayo mota daga wata ƙasa. Ba iri ɗaya ba ne a duniya. Turai tana amfani da CCS2. Arewacin Amurka ta daɗe da CCS1, amma tun da Ford ya sanar a 2023 cewa zai koma bakin Tesla, wanda ake kira NACS, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu. China tana da nata GB/T, Japan kuma CHAdeMO, wanda ke ta raguwa a wajen ƙasar. Akwai na'urorin haɗa wani baki da wani, amma ba kowane haɗi ke aiki lafiya ba, musamman a caji mai sauri. Ka tabbata bakin motarka shi ne na tashoshin hanyarka kafin a yi ciniki.

Wannan mataki shi ke raba ƙasashe. A Norway, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne zalla, tambayar ta kusa zama tarihi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da ta tanadi a samu tashar caji mai sauri a kowane kilomita 60 a manyan hanyoyinta. A wasu sassan duniya kuwa za ka yi kilomita ɗaruruwa ba ka ga ko ɗaya ba, ko ka gan ta babu wuta. Idan hanyarka irin wannan ce, lissafin ya ƙare a nan: komai kyan motar, ba ta dace da wannan tafiyar ba tukuna.

Kada ka manta da masauki. Idan inda za ka kwana akwai wurin jonawa, ko da na kilowat 7 ne, ka rage wa kanka tsayuwa guda a hanyar dawowa.

Mataki na biyar: rage lambar saboda yanayi da kaya

Sanyi mai tsanani shi ne babban abokin gabar batir. Yana rage ƙarfinsa, yana rage saurin caji, ga shi kuma ɗumama cikin mota daga batir ake ɗiba, tunda babu injin fetur mai fitar da zafi kyauta. A lokacin ƙanƙara rasa kashi 20 zuwa 30 na nisa ba abin mamaki ba ne. Zafi bai kai haka ci ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana shan wuta, amma ba kamar hita ba. Abin lura a ƙasa mai zafi shi ne sanyaya batir da aka ambata a sama. Ruwan sama, iskar da ke busowa daga gaba, da tayar da iskarta ta ragu duk suna ɗan ƙara sha. Hawan dutse yana cinye caji da sauri har ya tsorata ka, amma gangara tana mayar da wani ɓangare.

Akwatin saman mota yana ɓata santsin da iska ke bi, ya rage nisa sosai a babban gudu. Jan tirela kuwa yakan raba nisan biyu. Ƙari a kan haka, yawancin tashoshin caji an gina su ne a shiga da gaba ko da baya kamar wurin fakin, don haka sai ka kwance tirelar kafin ka jona. Mai jan kaya a kai a kai, ya yi wannan a kowane kilomita 150, zai gaji da motar kafin wata ya ƙare.

Ka koma lambar da ka samu a mataki na biyu, ka rage mata kashi 20 don mummunar rana, ka sake duba ko tashoshin hanyarka har yanzu suna haɗuwa. Idan motar hannu ce, ka rage kuma gwargwadon lafiyar batirin. Ka nemi a auna maka shi a rubuce. Yawancin kamfanoni suna ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, da alƙawarin ba zai sauka ƙasa da kusan kashi 70 na ƙarfinsa ba. Mai yawan tafiya zai cinye kilomitocin tun kafin shekarun su cika.

Mataki na shida: kuɗin

Arhar motar lantarki daga cajin gida take zuwa. Wutar tashar caji mai sauri takan ninka ta gida sau biyu ko uku, har a wasu wurare kuɗin kilomita ɗaya ya yi kusa da na fetur. Ka ninka abin da motar ke sha a kilomita 100 da farashin kWh a tashoshin hanyarka, ka kwatanta da kuɗin man da motarka ta yanzu ke sha a wannan nisan. Sannan ka raba tafiyarka ta shekara gida biyu: nawa za a yi da wutar gida, nawa da ta hanya. Wanda ba shi da wurin caji a gida ko a wurin aiki, kuma yawancin tuƙinsa a babbar hanya ne, ribarsa kaɗan ce. Abin da zai rage masa shi ne kuɗin gyara, tunda babu canjin baƙin mai, babu fulogin inji, burki kuma yana daɗewa. Taya ce kawai takan fi saurin cinyewa saboda nauyin motar.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka saya

Gani ya kori ji. Ka yi hayar irin motar da kake so, ko mai kama da ita, ka bi da ita hanyar da ka fi bi, da gudun da ka saba da kayan da ka saba ɗauka. Zagayen minti ashirin da dillali zai ba ka ba zai nuna maka komai ba.

A ranar gwajin ka tashi da batir cike. Ka sauke manhajojin kamfanonin cajin tun a gida, ka saka katin biya, kada ka tsaya yin rajista a bakin hanya inda sabis ba shi da ƙarfi. Ka saka tashar cajin a taswirar motar kanta, ba a wayarka kawai ba, domin motoci da yawa idan sun san caji za a je sukan fara daidaita zafin batir tun daga nesa, kuma wannan kaɗai yana iya rage mintoci masu yawa. Ka sa ido a kan kason da motar ta ce za ka isa da shi. Idan ka ga yana sauka, ka rage gudu da kilomita 10 ko 15 a awa, za ka ga ya tsaya ko ya fara hawa. Idan ka gama caji ka matsar da motar, wasu tashoshi suna karɓar kuɗin zama ga wanda ya bar mota a jone bayan ta gama. Ka rubuta lokacin tashi da na isa, ka kwatanta da na motar fetur ɗinka.

Idan bambancin bai wuce abin da za ka iya haƙuri da shi ba, hanyarka tana da tashoshi masu baki da yawa, kuma kana da wurin jonawa a gida, to motar ta dace da kai, kuma za ka ji daɗin rashin ƙara da rashin jijjiga a tafiyar awa takwas. Idan ka faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, akwai tsaka-tsaki. Mota mai haɗa fetur da batir wadda ba a jona ta ba ta buƙatar tashar caji ko ɗaya. Wadda ake jonawa kuma tana da tankin mai za ta yi maka zirga-zirgar gari da lantarki, sai dai a babbar hanya batirinta kan ƙare bayan 'yan kilomita goma-goma, daga nan ta koma motar fetur mai ɗauke da ƙarin nauyi. Gidan da ke da mota biyu kuwa ya fi kowa sauƙi: ta lantarki ta riƙe gari, ɗayar ta riƙe hanya.

Idan ka saya, ka duba littafin motar ka ga irin batirin da ke ciki. Nau'in LFP, wato wanda babu sinadarin nikel a cikinsa, ana cika shi zuwa 100 ba tare da damuwa ba, wasu kamfanoni ma suna so a riƙa yin haka lokaci-lokaci. Nau'in da ke da nikel an fi so a tsayar da shi a 80 a kwanakin yau da kullum, a cika shi sai daren da za a yi tafiya. Kuma ka ajiye lambar masu ɗaukar mota a babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, domin yawancin motocin lantarki ba a jan su da igiya tayoyi na juyawa a ƙasa. Yin haka yana iya lalata injin.